Yaron da ya ɗebe 17 daga 42 ya samu 35: fashin baƙi kan tushen aikin koyarwa

Ka ɗauka yau ce ranarka ta farko a gaban aji. Ka rubuta 42 a allo, ka sa 17 a ƙarƙashinta, ka ce a ɗebe. Can sai wani yaro ya miƙo maka littafinsa, ya rubuta 35. Amsar dai 25 ce. Kana da 'yan daƙiƙu ka yanke abin yi: ko ka ja masa jan biro ka wuce, ko ka daka masa tsawa, ko ka maimaita bayanin ɗazu da murya mafi ƙarfi, ko ka durƙusa kusa da shi ka ce ya nuna maka yadda ya yi. Duk wanda ka zaɓa, ka riga ka amsa wasu manyan tambayoyi, ko ka sani ko ba ka sani ba. Me ake nufi da a ce mutum ya san abu? Ta yaya yaro yake koyo? Wane ne wannan yaron, daga wane gida ya fito? Me ya sa ma aka tara yara masu shekaru ɗaya a ɗaki ɗaya aka ba su malami ɗaya?

Waɗannan tambayoyin su ne abin da kwalejojin horon malamai ke kira tushen ilimi, suna raba shi gida huɗu: falsafar ilimi, ilimin halayyar mai koyo, ilimin zamantakewa, da tarihin ilimi. Ɗalibai da yawa suna ɗaukarsu darussan hadda, a cusa sunaye da shekaru a kai, a juye su ranar jarrabawa, a manta. Wannan asara ce babba, kuma akwai dalilin da ya sa nake faɗin haka. A 1975 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Dan Lorti, ya ƙiyasta cewa kafin ɗalibi ya gama sakandare ya shafe kimanin sa'o'i 13,000 yana kallon malamai suna aiki. Babu wata sana'a da mai shigarta ke zuwa da irin wannan dogon kallo. Matsalar ita ce daga kan benci ya yi kallon. Ya ga abin da malam ya yi, bai ga dalilin da ya sa ya yi ba, bai ga shirin daren jiya ba, bai ga shawarar da malam ya canza a tsakiyar darasi ba. Saboda haka idan aji ya rikice wa sabon malami, abin da jikinsa ke komawa gare shi shi ne yadda aka koyar da shi, mai kyau da marar kyau gaba ɗaya. Darussan tushe su ne damar da yake da ita ta zazzage wannan gadon, ya tsince abin riƙewa.

Mu koma kan 35. Yaron nan bai yi cinke ba. Ya duba gidan ɗaiɗai ya ga 2 da 7, ya ɗebe ƙarami daga babba ya samu 5. Ya duba gidan gomomi ya ɗebe 1 daga 4 ya samu 3. Ƙa'ida yake bi, kuma ƙa'idar da ta yi masa aiki a duk lissafin da aka ba shi a baya, irin su 48 a ɗebe 13. Wanda ya fara mayar da hankalin duniya kan irin wannan shi ne Jan Piyaje, ɗan ƙasar Suwizalan (1896 zuwa 1980). Wajen 1920 yana aikin gwajin basirar yara a Faris, sai ya lura cewa amsoshin da ba daidai ba sun fi na daidai ba shi labari, domin yara masu shekaru ɗaya suna yin kuskure iri ɗaya. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa yaro yana da nasa tsarin tunani, yana gina saninsa da kansa, yana ɗora sabon abu a kan abin da ke kansa tun da farko. Idan sabon ya dace da tsohon, ya shige lafiya. Idan bai dace ba, ko dai yaron ya lanƙwasa sabon ya tura shi cikin tsohon, wanda shi ne abin da mai 35 ya yi, ko kuma ya rushe tsohon ya sake gini. Wannan na biyun shi ne koyo na gaske, kuma ba ya faruwa sai yaron ya gani da idonsa cewa ƙa'idarsa ta gaza.

Piyaje ya kasa girman tunani mataki huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, yaro na sanin duniya ta taɓawa da motsi, daga 2 zuwa 7, harshe ya zo amma ido na rinjayar hankali, daga 7 zuwa 11, yana iya tunani mai tsari matuƙar akwai abin da zai gani ko ya riƙe, daga nan sama ne yake fara iya tunani a kan abin da babu shi a gabansa. Sanannen gwajinsa shi ne a juye ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban ɗan shekara biyar, sai ya ce ruwan ya ƙaru. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yara kan iya wasu abubuwan tun kafin shekarun da ya yanka, musamman idan an yi musu tambayar ta hanyar da ke da ma'ana a wurinsu. Don haka kada ka riƙe shekarun nan kamar doka. Abin riƙewa shi ne jerin: a fara da abin da hannu zai taɓa, a zo ga zane, sannan a zo ga lambobi tsura.

Lef Bigotski, ɗan Rasha da aka haifa shekara ɗaya da Piyaje amma tarin fuka ya kashe shi a 1934 yana da shekara 37, ya ƙara abin da a ganina ya fi kowanne amfani ga malami. Ya ce kowane mai koyo yana da abin da zai iya shi kaɗai, da abin da ba zai iya ba ko an taimaka masa, sannan a tsakani akwai fili na abin da zai iya idan wanda ya fi shi sani ya kama hannunsa. A wannan filin ne koyarwa take. Ka tsaya ƙasa da shi, yara su gaji da kai. Ka haura sama da shi, su yanke ƙauna. A 1976 Jerom Buruna da abokan aikinsa suka kwatanta taimakon da malami ke bayarwa a nan da katakon da magina ke kafawa su taka: ana kafa shi ne da niyyar cirewa. Malamin da har ƙarshen zango shi ke fara wa yara kowane lissafi ya bar katakon ya zama bango.

Akwai wata mazhabar da ta riga waɗannan ƙarfi, wadda ke cewa a bar zancen abin da ke cikin kai, a duba abin da ake iya gani. Fablob, masanin kimiyya ɗan Rasha, ya nuna cewa kare kan koyi zubar da yawu da jin alamar da ta saba zuwa kafin abinci. Tondaik ɗan Amurka, da gwajinsa na kyanwoyi cikin akwati a 1898, ya fitar da cewa aikin da daɗi ya biyo bayansa ana maimaita shi. Sikina, shi ma ɗan Amurka, ya faɗaɗa wannan da ɓeraye da tattabaru. An soki mazhabar, kuma da gaskiyar masu sukar, domin ba ta iya bayyana daga ina 35 ta fito. Amma tana bayyana wani abu da ya fi wannan haɗari. Idan duk lokacin da yaro ya kawo amsa marar daidai aka kunyata shi, abin da zai koya shi ne kada ya ƙara kawo littafinsa, kuma gabansa zai riƙa faɗuwa da jin an ce lokacin lissafi ya yi, kamar yadda karen Fablob ke amsa alama. Sikina da kansa ya tsaya a kan cewa hukunci na danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya koya wa mutum abin da ya kamata ya yi a madadinsa. Ƙarni shida kafin shi, Ibn Khaldun ya rubuta a cikin Muƙaddima, wadda ya kammala a 1377, cewa tsanantawa ga ɗalibi na kashe masa kuzari, tana koya masa ƙarya da yaudara, domin zai riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannun da ke kansa. Duk malamin da ya taɓa karɓar aikin gida talatin masu kuskure iri ɗaya, harafi da harafi, ya ga gaskiyar wannan magana.

Sai batun mantuwa, wanda sababbin malamai ke ɗauka laifin yara ne. A 1885 Bajamushe Haman Ebingaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, yana haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna abin da ya rage. Ya gano cewa mafi yawan zubewar tana faruwa ne da wuri, cikin sa'o'i da kwanakin farko, sannan ta lafa. Kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. An maimaita wannan sakamakon sau da yawa har ya zama cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a fagen. Haka kuma abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne: Joj Mila ya ce wajen bakwai a 1956, masu bincike na baya suka ce ya fi kusa da huɗu. Lissafin aro yana bukatar yaro ya riƙe abubuwa da yawa a tare, shi ya sa wanda bai haddace ƙananan ɗebewa ba yake ɓacewa a tsakiya. A nan ne nake rabuwa da masu zagin hadda gaba ɗaya. Haddar da ke sauke wa hankali kaya domin ya sami sararin tunani alheri ce. Wadda ake ƙi ita ce wadda aka ajiye a gurbin fahimta.

Bari in ɗan ratse, saboda za ka ci karo da shi. Ana yawan koya wa malamai cewa kowane yaro yana da salon koyonsa, wani ta ido, wani ta kunne, wani ta motsi, kuma a koyar da kowa ta salonsa. Wasu masana sun bi diddigin binciken da aka yi a kan haka a 2008, ba su sami hujjar da ta isa a gina koyarwa a kanta ba. Abin da ake koyarwa shi ke zaɓar hanya: taswira sai an gani, furuci sai an ji, ɗaurin igiya sai an kama.

To amma me ya sa muke son yaron ya san dalilin aro? Ai ana iya koya masa matakan kawai, ya ci jarrabawa. Da ka yi wannan tambayar ka shiga falsafa, domin falsafar ilimi ba komai ba ce illa tambayar me ake nema da karatun, me ya cancanci a koyar, kuma wane irin mutum ake son ya fito. Aflatun ya kawo labarin Sukurat yana yi wa wani yaro bawa tambayoyi, ba tare da ya faɗa masa amsa ba, har yaron ya gano yadda ake ninka girman filin murabba'i. A wannan mahangar sani yana kwance a cikin mutum, aikin malami ya tono shi. Jon Lok na Ingila ya ce a'a, hankali farar takarda ce, abin da aka gani aka ji shi ke rubutu a kanta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki yaro amana, ya sa gyaran hali a tsakiyar manufar karatu, ya kuma shar'anta wa malami ya yi wa ɗalibi magana daidai gwargwadon fahimtarsa. Ruso, masanin falsafa ɗan Janeba, a 1762, ya ce a bar yaro ya yi yarintarsa, a daina ɗaukarsa ƙaramin babba. Jon Diwi, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, ya ce ana koyo ne ta hanyar fuskantar matsala ta gaske da yin tunani a kanta. Faulo Fireri na Birazil, a 1968, ya kwatanta koyarwar da malami ke zuba bayani yara na karɓa da ajiyar kuɗi a banki, ya ce tana renon mutanen da ba sa tambaya.

Ba a bukatar ka yi mubaya'a ga ɗaya. Diwi kansa ya fito a 1938 ya gargaɗi masu bin sa da suka fahimci 'yancin yaro a matsayin malami ya naɗe hannu. Abin da ake bukata shi ne ka gane wace mahanga kake aiki da ita a kowane lokaci, kuma ka iya kare ta. Daga nan ne manhaja ke fitowa. Ralf Taila ya taƙaita ta a tambayoyi huɗu a 1949: me ake son cimmawa, wane aiki zai kai ɗalibi can, yaya za a jera ayyukan, kuma yaya za a gane an isa. Tsarin darasin da za a sa ka rubuta lokacin gwajin koyarwa waɗannan tambayoyin ne aka mayar fom. Rabe-raben manufofin koyo da Benjamin Bulum ya fitar a 1956, daga tuna abu zuwa fahimtarsa, aiki da shi, har zuwa yanke hukunci a kansa, amfaninsa shi ne ya tona maka asirin jarrabawarka. Idan ka ce manufarka fahimta ce amma duk tambayoyinka na tunawa ne, yara za su bi jarrabawar su bar manufar.

Yanzu ɗaga kai daga littafin ka dubi yaron. Ina yake zama a ajin? Da harshen da kake koyarwa ake magana a gidansu? Akwai mai duba masa aiki da dare? Emil Durkaim, Bafaranshen da ya fara koyarwa a jami'a da darasin tarbiyya a 1887, ya bayyana ilimi da cewa hanya ce da manya ke shigar da ƙanana cikin al'umma. Ma'ana makaranta na koyar da abin da ya wuce manhajarta. Filib Jakson ya raɗa wa wannan suna ɓoyayyiyar manhaja a 1968: jiran layi, yin shiru, sanin wa ake yabo da wa ake ƙyalewa. Yarinyar da ta ɗaga hannu sau goma ba a kira ta ba ta koyi darasi, ko da ba ya cikin tsarin darasin kowa. A 1966 rahoton Kolman, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000 a Amurka, ya nuna cewa yanayin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta bayyana bambancin sakamako. Wasu sun karanta wannan a matsayin izinin sallamawa. Ni abin da nake karantawa a ciki shi ne yaron da gida bai tanadar masa komai ba, malaminsa ne kaɗai jarinsa. Tun 1953 kuma hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa, domin wanda ke kokawa da harshe da lissafi a lokaci guda kaya biyu ya ɗauka, kuma sau da yawa ana yi masa hukuncin daƙiƙanci a kan na farkon.

Zaton malami ma yana da nauyi. A wani gwaji da Rozental da Jakobson suka wallafa a 1968, an gaya wa malaman wata firamare a Kalifoniya cewa wasu yara na dab da buɗewar basira, alhali da ƙuri'a aka zaɓe su. Yaran, musamman na azuzuwan farko, sun fi sauran ci gaba. An yi ta muhawara a kan gwajin, kuma nazarin baya ya nuna tasirin bai kai girman da aka fara zato ba, amma yana nan, kuma hanyarsa a bayyane take: wanda kake sa ran zai iya, shi kake jira, shi kake ba tambaya mai nauyi, shi kake gyara wa da haƙuri. Meri Bad Ro ta auna wannan jiran a farkon shekarun 1970, ta ga malamai na ba ɗalibi kimanin daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara magana. Ban san wani gyara mai arha kamar wannan ba a duk aikin koyarwa.

Tarihi kuwa aikinsa ɗaya ne a nan, ya nuna maka cewa ajin da ka tarar mutane ne suka tsara shi. Komeniyas, wani malami ɗan ƙasar Cak, ya yi kiran a koyar da kowa, maza da mata, ya fitar da littafin yara mai hotuna a 1658. Furushiya, tsohuwar masarautar Jamusawa, ta kafa dokar tilasta karatun firamare a 1763. Raba yara aji-aji bisa shekaru ya bazu ne a ƙarni na 19, lokacin da gwamnatoci suka tashi koyar da jama'a masu yawa da malamai kaɗan. A 1948 sashe na 26 na sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ayyana ilimi haƙƙin kowa. Tsarin ya kai karatu inda bai taɓa zuwa ba, amma an gina shi a kan zaton cewa 'yan shekara ɗaya suna tafiya da sauri ɗaya, kuma mai 35 yana cikin waɗanda zaton bai yi daidai a kansu ba.

A 1986 Li Shulman ya ba da suna ga ilimin da ya keɓanta da malami, wanda ya haɗa sanin fanni da sanin yadda ake shigar da shi kan wani. Masanin lissafi ya san 25 ce amsa. Malamin lissafi ya san haka, ya kuma san cewa 35 za ta zo tun kafin ta zo, ya san daga ina take, ya tanadi abin da zai tare ta da shi. Ga yadda hakan ke kasancewa a aikace. Ka durƙusa ka ce, "Nuna mini yadda ka yi," ka yi shiru har ya gama. Ka ba shi tsinke dami huɗu na goma-goma da guda biyu a ware, ka ce ya ba ka 17. Zai miƙo dami ɗaya, sannan ya tsaya yana kallon guda biyun nan, domin bakwai ba za ta fita daga cikinsu ba. Kada ka faɗa masa. Jira har hannunsa ya kai kan igiyar dami na biyu ya kwance. Idan ya ƙirga abin da ya rage ya samu 25, ka sa ya ajiye ta kusa da 35 ɗinsa ya faɗa maka da bakinsa inda suka rabu, sannan ku rubuta abin da hannunsa ya yi da lambobi, ya ga cewa aron da ake ta faɗa kwance dami ne. Bayan kwana uku, ba tare da tsinke ba, ka ba shi 61 a ɗebe 24. In ya kawo 37, ka sake gwada shi bayan mako biyu. In ya kawo 43, tsohuwar ƙa'idar ta dawo, sai ka sake fito da damin.